A'isha Fallatiya: ƴar mahajjatan Sakkwato da ta buɗe wa mata ƙofar Rediyon Omdurman

A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Fallatiya, mawaƙiya ce ƴar ƙasar Sudan da iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato. Ita ce mace ta farko da aka ji tana rera waƙa a gidan rediyon Sudan, a shekarar 1942. An haife ta a garin Kassala a farkon ƙarni na 20, ta tashi a Omdurman, kuma a can ta rasu a watan Fabrairun 1974. Ta bar waƙoƙi fiye da 150, mafi yawansu na Rediyon Omdurman.

A tsawon shekarun da ta yi tana waƙa, salonta ya sauya sau da dama, kuma kowane sauyi ya biyo bayan sauyin wurin da take rerawa. Ta fara a tsakar gidan biki da ganga da tafi, ta koma faifan garmaho, ta shiga sansanin soja, daga nan ta isa ɗakin rediyo, inda ta ƙare tana waƙa da babban rukunin makaɗa. Abu ɗaya ne ya bi ta daga farko har ƙarshe: laƙabin Fallatiya, wanda ke tuna wa mai sauraro cewa asalinta daga yamma yake. Wannan ne ya sa tarihinta ya shafi Hausawan Jazira da na Shuɗin Nilu, waɗanda har yau ake kira da wannan suna.

Asalinta da ma'anar laƙabin

Mahaifin A'isha, Malam Musa Ahmad, malamin addini ne Bafulatani, mahaifiyarta kuma Bahaushiya. Sun shiga Sudan ne a matsayin mahajjata, daga baya suka zauna. A wancan zamani tafiyar hajji ta ƙasa takan ci shekaru. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ya bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kordofan, mutane suna tsayawa a hanya suna noma ko ƙodago don neman guzuri, kafin su kai gaɓar Bahar Maliya su tsallaka zuwa Jidda. Kassala tana gabas, dab da iyakar Eritiriya ta yau, a kan ɗaya daga hanyoyin da ke kaiwa teku. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu kuma sun sauke farali amma ba su koma gida ba.

Kwararar mutane ta ƙaru bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Aikin ya buƙaci hannaye masu yawa, sai Hausawa da Fulani da Barebari suka cika ƙauyukan yankin. Wasu sun samu hawasha, wato gonar haya ta hukumar aikin, da yawa kuma suka zauna a matsayin ƴan ƙodago a matsugunan gefen gonaki da ake kira kambo.

Duk waɗannan mutane, ƴan Sudan sun haɗa su a suna ɗaya: Fallata. Asalin kalmar ita ce sunan da Barebari ke kiran Fulani, amma a Sudan ta game duk wanda ya fito daga Afirka ta Yamma. Akwai kuma Takari ko Takarir, daga tsohon sunan Takrur. A bakin mutane da yawa kalmomin biyu na gori ne, ma'anarsu baƙo mai aikin ƙarfi. Fallatiya kuwa ita ce ta mace.

Daga makarantar allo zuwa gidan biki

A'isha ce babba cikin ƴaƴa bakwai. Bayan iyalin sun koma Omdurman, mahaifinta ya buɗe halwa, wato makarantar allo, kuma a gabansa ta yi karatun Alƙur'ani da hadda. Masu rubuta tarihinta suna danganta ƙwarewarta a waƙa da wannan karatu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san abin da tilawa ke koyarwa: fitar da kowane harafi daga mafitarsa, jan numfashi har ƙarshen aya, da sanin inda ake tsayawa. Ga yarinyar da iyayenta ba Larabawa ba ne, wannan ya ba ta Larabci mai tsabta, wanda daga baya ya sa marubuta waƙoƙi suka amince su ba ta baitocinsu.

Tana da shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki, nan da nan ta yi tashe. A Omdurman ta lokacin, kamar a ƙasar Hausa, waƙar biki ta mata aikin zabiya ce, kuma ba a ganin zabiya da mutunci. Ana kiranta idan biki ya tashi, a biya ta, amma ba wanda ke son a ce ƴarsa ce. Ga malamin da ke koyar da Alƙur'ani, abin ya zama babban abin kunya. Mahaifinta ya yi mata aure da nufin raba ta da waƙa. Auren bai daɗe ba ya mutu, ta koma sana'arta.

Waƙar da take yi a wannan mataki ita ce wadda ƴan Sudan ke kira aganil banat, waƙoƙin ƴan mata. Kayan kiɗansu daluka ce, ƙaramar gangar yumɓu mai fata a baki ɗaya, sai tafi da amshi. Zabiya takan jefa gajeren baiti, mata su amsa, ta sake jefa wani. Waƙa ɗaya takan yi tsawo gwargwadon rawar amarya, ana saka sunan ango da na danginsa, ana ƙara baiti ana ragewa. Babu mai rubutawa, babu wanda ake cewa shi ne ya ƙirƙira.

Salo biyu da ta tarar a Omdurman

Omdurman gari ne da ya bunƙasa a zamanin Mahadi, ya tara ƙabilu daga kowane ɓangare na ƙasar. A shekarun 1920 wani sabon salon waƙar birni ya fito a can, wanda daga baya aka sa wa suna haƙiba. Kalmar tana nufin jaka, kuma sunan ya samo asali ne daga wani shirin rediyo da mai gabatarwa ke zuwa da tsofaffin faya-fayai a cikin jakarsa. Haƙiba ta tsiro daga waƙoƙin begen Annabi. Mawaƙi yakan tsaya da ƴan amshinsa, ana tafi ana buga riƙ, ƙaramin bandiri mai kacau-kacau. Baitocinta dogaye ne masu zurfin Larabci, kuma marubutansu sanannu ne, irin su Ibrahim al-Abbadi da Khalil Farah, wanda ya rasu a 1932. Manyan mawaƙanta su ne Muhammad Ahmad Sarur da Karoma. Fage ne na maza.

Salo na biyu shi ne tumtum, kiɗan rawa mai sauri da ya yi tashe a shekarun 1930. Ana danganta fitowarsa da garin Kosti na bakin Farin Nilu da unguwannin talakawa, inda tsofaffin sojoji da zuriyar waɗanda aka ƴanta daga bauta suke zaune. Mata ne suka fi rera shi. Baitocinsa gajeru ne, da Larabcin kasuwa, kuma suna maganar soyayya ba tare da kewaye-kewaye ba. Masu ilimi sun raina shi, matasa kuma suka rungume shi.

Salon biyu suna tafiya a kan ma'aunin sauti ɗaya mai hawa biyar. Wannan ne babban bambancin kiɗan tsakiyar Sudan da na Masar, wanda ke da hawa bakwai da ƙananan sautuka a tsakani. Kiɗe-kiɗen Habasha da na Somaliya da kiɗan Hausa da yawa su ma a kan hawa biyar suke, shi ya sa waƙar Sudan ba ta yi wa kunnen mutumin Kano ko Damagaram ko Njamena baƙunta, ko da bai ji Larabci ba.

A'isha ta tsaya tsakanin salon biyu. Ta riƙe kiɗan tumtum da zaƙinsa, amma ta riƙa karɓar baitoci daga marubuta maza, waɗanda suka zo da tsari irin na haƙiba. Wannan haɗi shi ne tushen waƙoƙin soyayyar da aka fi saninta da su.

Faifan Alƙahira

A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji muryarta, aka tafi da ita Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi. A lokacin, mawaƙin Sudan da ke son a naɗi muryarsa sai ya yi wannan doguwar tafiya ta jirgin ƙasa da jirgin ruwa zuwa Masar.

Faifan garmaho na wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku. Wannan ƙa'ida ta tilasta wa waƙar biki sauya kama. Waƙar da ake ja har amarya ta gaji da rawa, dole a taƙaita ta, a san mafarinta da ƙarshenta, a zaɓi baitocin da za su shiga. Sunayen ango da dangi suka fita, tun da faifan na kowa ne. Abin da aka rera ranar ɗauka shi ne ya zama waƙar, shi mutane za su haddace, kuma sunan mawaƙiya yana rubuce a tsakiyar faifan. Ta haka waƙar da a da ba ta da mai ita ta zama waƙar A'isha.

Faya-fayan sun samu karɓuwa a gidajen shan gahawa na biranen Sudan, inda mai gida kan ajiye garmaho don jan masu ciniki. Waɗannan wurare na maza ne zalla, mace mai mutunci ba ta zama a ciki. Muryar A'isha ta shiga inda ita kanta ba za ta iya shiga ba, kuma mazan da ba su taɓa leƙa ɓangaren mata a gidan biki ba suka saba da ita. Wannan ne ya share mata hanyar rediyo.

Yaƙin duniya da Rediyon Omdurman

Yaƙin Duniya na Biyu ya taɓa Sudan kai tsaye. A watan Yulin 1940 sojojin Italiya daga Eritiriya suka kama Kassala, mahaifar A'isha, sai a Janairun 1941 aka ƙwato ta. Rundunar Tsaron Sudan, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1925, ta shiga yaƙin Eritiriya da Habasha, ciki har da gumurzun Karan na farkon 1941, daga baya aka tura wasu dakarunta hamadar Libiya. A'isha tana cikin mawaƙan da aka riƙa kaiwa sansanoni don su nishaɗantar da sojoji, a fagen daga na gabas da na arewacin Afirka. Waƙar da aka fi tunawa da ita daga wannan zamani ita ce Yaju Aidin, addu'ar mata ce ta Allah ya dawo da sojoji gida lafiya. Salonta na waƙoƙin ƴan mata ne, amma batunta na ƙasa baki ɗaya.

Yaƙin ne kuma ya haifar da gidan rediyo. Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe Rediyon Omdurman a 1940 don yaɗa labarin yaƙi. Ya fara ne a wani ɗaki na gidan waya, yana watsa shiri na ɗan gajeren lokaci a rana, mutane suna taruwa a dandali suna saurara ta lasifika. Don a ja hankalin jama'a sai aka riƙa gayyato mawaƙa.

A 1942 A'isha ta shiga ɗakin watsa shirye-shirye tare da ƙanwarta Jiddawiya, wadda ke kaɗa ud, molon Larabawa mai ƙaton ciki. Jiddawiya tana da nata rukunin makaɗa, kuma ana lissafa ta a matsayin mace ta farko da ta yi fice da kaɗa ud a Sudan. Masu sauraro sun yi na'am da shirin. Masu ra'ayin riƙau suka yi tir da shi, wasu mawaƙa maza kuma suka ƙaurace wa gidan rediyon, suna ganin ƙasƙanci ne su yi waƙa a inda zabiya ta yi. Tsangwamar ta haɗa abu biyu, kasancewarta mace da kasancewarta Fallatiya. Masu tarihinta sun ce abin ya kai ta ga tunanin tattara nata ya nata ta koma Najeriya. Ba ta tafi ba. Farin jininta a wurin jama'a ya fi ƙarfin masu ƙauracewa, sannu a hankali suka dawo.

Ud da goge: salon rediyo

A shekarun farko babu naɗar sauti a gidan rediyon, kai tsaye ake waƙa. Duk kuskuren da aka yi, ƙasa ta ji. Abin magana kuma ya sauya yadda ake amfani da murya. A gidan biki zabiya tana ɗaga murya ne don ta rinjayi ganga da guɗa da hayaniyar mata. A gaban abin magana babu buƙatar haka, mawaƙiya tana iya sassautawa, ta ja kalma, ta bar makaɗa su cike gurbi.

A daidai wannan lokaci waƙar Sudan gaba ɗaya take sauya kaya. Ibrahim al-Kashif, ɗan Wad Madani babban birnin Jazira, yana cikin waɗanda suka fara waƙa da rukunin makaɗa masu ud da gogen Turawa, wanda ƴan Sudan ke kira kamanja, shi ya sa ake ce masa uban waƙar zamani. Hasan Atiyya da Ahmad al-Mustafa da Abdul'aziz Muhammad Dawud da Usman Husain duk sun fito a wannan zango. Daga baya aka ƙara akodiyon da gangunan zamani da kayan busa, waɗanda da yawa daga masu busa su sun koya ne a bandunan soja da na ƴan sanda. Gidan rediyon ya kafa nasa rukunin makaɗa da ke raka kowane mawaƙi.

A'isha ta bi wannan sauyi. A waƙoƙinta na rediyo, makaɗa ne ke buɗewa kafin murya ta shigo, goge yana amsa mata a inda a da mata ke amsawa, daluka ta ja baya ta bar wa ud jagoranci. Waƙa ta samu marubuci da mai tsara kiɗa da mai rerawa, kowa da sunansa. Duk da haka ba ta yar da hawa biyar ba, ba ta kuma kwaikwayi mawaƙan Masar ba, ko da yake tana yawan zuwa can kuma tana da masoya. Cikin waƙoƙinta da suka fi shahara akwai Min Daril Iza'a, wadda sunanta ma ke nuni ga gidan rediyon, da Simsim al-Gadarif, wadda ta ɗauki sunanta daga riɗin Gadarif, yankin noma na gabas inda Hausawa ke da yawa.

A shekarunta na baya ta yi waƙoƙin haɗin gwiwa da mawaƙa maza, mace da namiji suna musayar baiti a gaban abin magana ɗaya. Wannan ya faru ne a gidan rediyon da maza suka taɓa ƙaurace wa saboda ita. Ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960, zamanin da ƙaramar rediyo mai batir ta fara shiga ƙauyuka, ta kai muryar Omdurman har gonakin auduga na Jazira da garuruwan bakin Shuɗin Nilu.

Muryar ƙasa da takardar ɗan ƙasa

Ba soyayya kaɗai A'isha ta rera ba. Wasu waƙoƙinta na siyasa ne, kuma an san ta da goyon bayan ƴancin mata da haƙƙin ma'aikata da neman ƴancin kai. Zamanin ne ya zo da haka. An kafa Ƙungiyar Masu Ilimin Zamani a 1938, ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara suka kafa ƙungiyarsu bayan yaƙi, aka kafa Ƙungiyar Matan Sudan a 1952, ƙasar kuma ta samu ƴancin kai ranar 1 ga Janairun 1956.

A daidai waɗannan shekaru ne aka rubuta dokokin da suka fayyace wane ne ɗan Sudan. Dokar 1948 da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 sun ɗauki ranar 31 ga Disamban 1897 a matsayin ma'auni: sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun wannan rana. Mutanen da suka zo bayan Burmi, da waɗanda aikin audugar Jazira ya jawo, duk sun faɗo bayan wannan rana. Ƴaƴansu da aka haifa a Sudan, waɗanda ba su san wata ƙasa ba, suka riƙa shan wahala wajen samun takardar ɗan ƙasa, wadda ake nema a aikin gwamnati da karatu mai zurfi da mallakar fili. Daga baya an sassauta ma'aunin har ya dawo 1 ga Janairun 1956, amma kallon baƙo bai gushe da sauyin doka ba.

Saboda haka a lokaci guda abu biyu suna tafiya. Gidan rediyon gwamnati yana watsa muryar ƴar mahajjatan Sakkwato a matsayin muryar Sudan, sojoji da ɗalibai da ma'aikata suna rera waƙoƙinta. A ofisoshi kuma ana tambayar danginta hujjar cewa su ƴan ƙasa ne. A'isha ta yi suna da Larabcin Omdurman, kuma da laƙabin Fallatiya aka riƙa gabatar da ita har ta rasu.

Matan da suka biyo bayanta

Bayan 1942 mata sun ci gaba da shiga gidan rediyon. Fatima al-Hajj da Muna al-Khair sun yi fice a shekarun da suka biyo baya. Hawwa al-Tagtaga, wadda ta rasu a 2012, ta shahara da waƙoƙin biki da na kishin ƙasa. A 1971 ƴan uwa mata uku, Hadiya da Amal da Hayat, suka fito da sunan al-Balabil tare da mai tsara kiɗa Bashir Abbas, suka zagaya ƙasashe. A shekarun 1980 Hanan Bulu Bulu ta mayar da waƙoƙin ƴan mata kiɗan dandali da na kaset.

Hanyar ba ta miƙe ba. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na 1989, dokokin kula da tarbiyyar jama'a sun takura wa bukukuwa da mawaƙa, musamman mata. Manyan mawaƙa irin su Muhammad Wardi suka yi gudun hijira, an kuma kashe mawaƙi Khojali Usman da wuƙa a harabar ƙungiyar mawaƙa ta Omdurman a 1994. Sai a Nuwamban 2019, bayan faɗuwar al-Bashir, aka soke dokar. Duk da haka mawaƙa maza da mata sun ci gaba da sabunta waƙoƙin A'isha da kayan kiɗan zamani, har wasu matasa sun san waƙar ba su san mai ita ba.

Sunanta a Jazira da Shuɗin Nilu a yau

Tambayar da ta bi A'isha tana nan. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan taƙaddama kan buƙatar Hausawa ta samun tasu sarautar gargajiya da hukuma ta amince da ita. A Sudan irin wannan sarauta tana haɗe da ikon ƙasa, shi ya sa batun ya koma gardamar waye ɗan gida waye baƙo. Fiye da mutum 100 suka mutu a yankunan Rusairis da Damazin, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa sun yi zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Wad Madani da Khartum. A watan Oktoba faɗa ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa kimanin mutum 200.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Tun kwanakin farko RSF suka mamaye ginin rediyo da talabijin na Omdurman, sai a Maris na 2024 sojoji suka ƙwace shi. A wannan gini ne taskar sauti ta ƙasa take, inda aka adana tefa-tefan mawaƙan Sudan na shekaru da dama, kuma mafi yawan aikin A'isha don wannan gida ta yi shi. Ginin ya zama fagen daga kusan shekara guda. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023, sojoji suka dawo da ita a Janairun 2025, ƙauyukan Jazira da na Sinnar kuwa sun ga kisa da wawashe dukiya da gudun hijira.

Abin da mai neman muryar A'isha zai fi samu cikin sauƙi a yau shi ne kwafin da mutane suka ɗauka daga rediyo da tsofaffin kaset suka ɗora a YouTube da Facebook, wasu da ƙarar tsohon faifai a cikinsu. Sunan da ke rubuce a kansu da Larabci shi ne A'isha al-Fallatiya. Ga Bahaushen Mai Wurno ko na kambon Jazira da aka tambaye shi yaushe ya zo, wannan suna yana cikin tarihin waƙar Sudan tun 1942, shekara 14 kafin ƙasar ta samu ƴancin kai.